Darasi: Ɗaukar Hoton Namun Daji, daga Cikin Badala zuwa Gandun Yankari

Ɗaukar hoton namun daji aiki ne na riskar dabba, ko tsuntsu, ko ƙwaro, ko tsiro a muhallinsa yana cikin harkarsa ta yau da kullum, a ɗauki surarsa da kyamara ba tare da an kama shi, ko an ɗaure shi, ko an yaudare shi da abinci ba. Akwai waɗanda suka riƙi wannan aiki sana'a suna sayar wa mujallu da gidajen talabijin, akwai kuma masu yin sa don sha'awa a lokacin hutunsu da kayan da ƙarfinsu ya kai, kuma wannan rukuni na biyu ne darasin ya fuskanta. Da yawa daga cikin ɗaliban azuzuwan manya na birnin Kano suna riƙe da waya mai kyamara, wadda suka saba ɗaukar hoton biki da suna da hawan salla da ita, amma kaɗan ne suka taɓa juya ta wajen shirwar da ke shawagi a kan Dutsen Dala ko balbelar da ke kiwo a bakin kududdufi. Abin da aka fi ɗauka shi ne irin wannan hoto sai mai kyamara ta miliyoyin naira a wani daji mai nisa. Wannan zato ba shi da tushe mai ƙarfi, domin abin da ke raba hoto mai kyau da marar kyau, tun kafin a zo batun kuɗin kyamara, shi ne sanin halin dabbar da sanin yadda haske ke sauka a kanta, kuma duka biyun ana koyon su a cikin birni kafin a biya kuɗin mota zuwa gandu.

Gandun daji na ƙasa

Gandun daji na ƙasa yanki ne da gwamnatin tarayya ta keɓe da doka, ta hana farauta da saran itace da noma da kiwo a cikinsa domin dabbobi da tsirrai su wanzu, ta kuma bar ƙofa ga masu bincike da masu yawon buɗe ido. Na farko a duniya shi ne Yellowstone na Amurka, wanda aka kafa a 1872. A Nijeriya kuwa Gandun Tafkin Kainji ne ya fara samun wannan matsayi a 1979, bayan an haɗe dazukan Borgu da Zugurma, sannan dokokin 1991 da 1999 suka ƙara wasu, cikinsu har da Gashaka-Gumti da ke jihohin Taraba da Adamawa, wanda ya fi kowanne girma, da Kamuku a ƙasar Birnin Gwari, da na yankin Tafkin Chadi wanda ya haɗa da fadamar Dagona ta Jihar Yobe, inda tsuntsayen ruwa masu ƙaura daga Turai ke sauka da hunturu.

Dajin da ya fi kusa da mutumin Kano shi ne Falgore, wanda ke kimanin kilomita 150 kudu da birni a kan hanyar Jos, ya kuma shafi ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. An keɓe shi tun zamanin mulkin mallaka da sunan Gandun Kogin Kano, domin kogin yana ratsa shi kafin ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga, kuma yana cikin dazuka goma da gwamnatin tarayya ta amince a 2020 a ɗaga su zuwa matsayin gandun daji na ƙasa. Sai dai Falgore, kamar Kamuku da Kainji, ya sha fama da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane a shekarun baya, saboda haka ba wurin da ɗalibi zai shiga da kansa ba ne sai da izini da rakiyar hukuma.

Gandun da ya fi dacewa da mai koyo shi ne Yankari, a ƙaramar hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, ya zama gandun daji na ƙasa a 1991, sannan a 2006 ya koma hannun gwamnatin Jihar Bauchi, wadda ke riƙe da shi har yau. Canjin mai riƙo bai canza abin da ke cikinsa ba: a nan ne ɗaya daga cikin manyan garkunan giwa da suka rage wa Nijeriya yake, ga ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da mazo da dorina da kada, ga tsuntsaye fiye da iri 350. Daga Kano akan bi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi zuwa Bauchi, tafiyar kusan kilomita 300, daga nan a kama hanyar Gombe zuwa Dindima, a karkata zuwa ƙofar gandun da ke Mainamaji.

Makarantar cikin birni

Tafiya irin wannan tana cin kuɗi da kwanaki, kuma babbar asara ce mutum ya je can ya fara koyon abin da zai iya koya a ƙofar gidansu. Cikin ganuwar Kano, duk da cunkoso da hayaƙi, akwai halittu masu rayuwar kansu da ba kowa ke lura da su ba. Akwai ƙadangaru a ragowar badala, da tsattsewa masu shewa a kan ƙofofin gari da sararin masallacin Juma'a, da hankaki da shirwa a inda mahauta ke aiki, da balbela da zalɓe a kududdufan da suka tsira daga cikewa, wato ramukan da aka haƙa tun da can don ɗibar ƙasar gini ruwa ya kwanta a cikinsu. Idan bazara ta kai ƙarshe kuma shamuwa kan iso gabanin damina ta yi sheƙa a manyan itatuwa, ta koma kudancin Afirka bayan ruwa ya ɗauke.

Ƙiski, wato namijin ƙadangare mai jan kai, shi ne malamin farko da ya dace da mai koyo, saboda yana da wurin da ya riƙe nasa, kuma ko an kore shi yakan dawo kan tubalin da ya saba hawa. Ɗalibin da ya zauna da hantsi a gindin badala, ya jingina bayansa, ya daina motsi, zai ga yadda ƙiskin ke fitowa shan rana, ya ɗaga ƙirji, ya gyaɗa kai sau da yawa idan wani namijin ya kusanto, ya sauko da gudu ya cafke tururuwa ya koma. Zai kuma gano abin da masana halin dabbobi ke kira tazarar tsoro, wato iyakar nisan da dabba ke yarda a kusance ta kafin ta gudu. Kowace dabba da tata tazarar, kuma tana raguwa idan mutum ya sunkuya, ya kawar da ido, ya matso a karkace da kaɗan kaɗan, ya tsaya cak duk lokacin da dabbar ta ɗaga kai. Tana ƙaruwa kuma idan ya miƙe tsaye ya nufe ta kai tsaye yana zura mata ido. Wanda ya fahimci wannan a kan ƙadangare ya fahimci rabin abin da zai buƙata a gaban mazo.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Maharbi yakan ɗaura burtu a goshi, wato kan tsuntsun nan da aka sassaƙa aka rufe da fata, ya lulluɓa da baƙin ƙyalle, ya durƙusa yana tafiya yana sunkuyar da kai kamar tsuntsu mai kiwo, har ya shiga cikin tazarar barewa ba ta farga ba. Yakan kuma yayyafa ƙura ko toka ya ga inda iska ta nufa, domin dabbobi masu shayarwa sun fi dogara da hanci, kuma wanda iska ke kaɗawa daga bayansa ya riga ya aika warinsa gaba. Masu hoton farko a Ingila ma dabarar da suka kama ke nan: Richard da Cherry Kearton, waɗanda suka fitar da littafin sheƙunan tsuntsaye mai hotunan kyamara a 1895, sun riƙa ɓuya a cikin fatar sa da aka ɗinke aka tsayar a fili, gilashin kyamara na leƙe ta wata kafa. Tsofaffin maharban da suka rage a unguwanni da ƙauyukan kewayen Kano suna ɗauke da sanin sawu da kashi da mashayar dabbobi wanda babu shi a littafi, kuma ɗalibin da ya je musu da ladabi zai ƙaru da abin da kyamara ba ta koyarwa.

Dutsen Dala yana da wata fa'ida da ba a samu a ƙasa, domin wanda ya hau shi yakan zo daidai da tsuntsayen da ke shawagi, ya ga bayan fikafikansu maimakon cikinsu kawai. A nan ake koyon bin tsuntsu da kyamara: a kafa ƙafa, a manne gwiwar hannu a jiki, a juya daga ƙugu tare da tsuntsun, a danna ba tare da an tsayar da juyawar ba. Amma akwai haƙƙi da ya rataya a kan mai hawa Dala ko Goron Dutse da kyamara, saboda daga can ana hango tsakar gidajen mutane, kuma juya gilashi wajen gidan da matan aure ke harkarsu keta alfarma ne da babu hoton da ya kai a yi shi dominsa. Haka nan a bakin kududdufi ko kusa da mahauta, sallama da bayanin abin da ya kawo mutum su ne farkon aiki.

Haske da yadda kyamara ke karɓar sa

Kowane hoto haske ne da aka tara, kuma abubuwa uku ke ƙayyade yawansa. Na farko shi ne kafar haske, wato ramin da ke cikin gilashin kyamara wanda ake faɗaɗawa ko a tsuke, ana rubuta girmansa da harafin f da lamba, kamar f/5.6 ko f/11, kuma yadda lambar ta ƙanƙanta haka kafar ke faɗi. Na biyu shi ne saurin ƙyaure, wato tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga, wanda ake aunawa da ɓangaren daƙiƙa. Na uku shi ne abin da aka rubuta ISO, wato yadda ake ƙara wa kyamara ƙarfin jin haske idan wuri ya yi duhu. Misalin su kamar tarar ruwa ne a bokiti: famfon da aka buɗe sosai yana cika shi nan da nan, wanda aka buɗe kaɗan kuwa sai an jira. Kowanne daga cikin ukun yana da abin da yake jawowa. Kafa mai faɗi tana sa bayan dabbar ya narke ya zama launi kawai, ta fito fili ita kaɗai. Ƙyaure mai sauri yana daskarar da motsi. ISO mai yawa yana ba da damar aiki da asuba amma yana zuba wa hoton wasu ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa masa yashi.

A wannan fanni saurin ƙyaure ne ya fi muhimmanci, domin yawancin hotunan da ke lalacewa motsi ne ke lalata su, ko na dabbar ko na hannun mai ɗauka. Dabbar da ke tafiya a hankali tana buƙatar kusan kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa, wanda ake rubutawa 1/500, tsuntsun da ke tashi kuwa sai 1/1000 ko 1/2000. Tsawon gilashi ana auna shi da milimita, kuma babbar kyamarar wayar hannu ba ta wuce kwatankwacin milimita 24 zuwa 26 ba, alhali masu hoton tsuntsaye suna aiki da 300 zuwa 600. Wannan gaskiya ce da ya kamata mai waya ya karɓa tun farko. Jawo hoto da yatsa biyu a fuskar waya, in ba wayar na da gilashin nesa na musamman ba, yanke gefen hoton kawai yake yi ya kumbura tsakiyar, shi ya sa abin ke fitowa a dagule. Abin da ya fi masa shi ne ya ɗauki dabbar ƙarama a cikin muhallinta, garken ɓauna a ƙarƙashin itatuwa ko balbela da inuwarta a ruwa, ya kuma mai da hankali ga abubuwan da waya ta fi ƙwarewa a kansu, irin su malam-buɗe-littafi da hawainiya da furanni da sawun dabbobi a laka. Wanda ya mallaki madubin hangen nesa yana iya manna idon waya a bakinsa ya sami kusanci mai yawa, muddin ya jingina su a kan wani abu da ba ya motsi.

Kyamara tana auna hasken fili gaba ɗaya ne, ba ta san abin da mai ita ke nufi ba, saboda haka takan yi kuskure a wurare biyu da kowane ɗalibi zai ci karo da su. Tsuntsun da ke sama yakan fito baƙi wuluk domin hasken sararin sama ya rinjaye shi, kuma maganinsa a ƙara haske. Balbela a kan ruwa mai duhu takan fito fari fat babu alamar gashi, kuma maganinsa a rage. A yawancin wayoyi ana yin haka ne ta taɓa jikin tsuntsun a fuskar waya, a ja alamar rana sama ko ƙasa. Hankaka, da yake ya haɗa baƙi da fari a jiki ɗaya, shi ne jarrabawa mafi wuya, kuma ƙa'ida a kansa ita ce a kare farin, domin abin da ya yi duhu ana iya farfaɗo da shi daga baya amma abin da ya ƙone da haske ya tafi ke nan. A kowane hali idon dabbar ake saitawa, kuma hoton yakan fi rai idan kyamara ta sauko daidai tsayin idon maimakon ta leƙo shi daga sama.

Lokacin aiki gajere ne a wannan yanki, domin a Kano rana na fitowa tsakanin ƙarfe 6 da 7 saura kaɗan gwargwadon watan da ake ciki, kuma tana hawa da sauri, ta yadda kafin ƙarfe 10 haske ya yi tsauri, inuwa ta faɗa ƙarƙashin dabba, zafin ƙasa kuma ya fara sa abin da ke nesa rawa. Sai la'asar sakaliya haske ke sake laushi. Hunturu na da nasa hukunci: hazo yana dusashe duk abin da ke nesa, amma yana tausasa hasken abin da ke kusa, ƙurarsa kuma tana shiga kyamara idan aka kwance gilashi a fili, don haka a cikin mota ko ɗaki ake canza shi, a riƙa naɗe kyamarar a ƙyalle mai tsabta. Akwai wata dama da hunturu ke bayarwa wadda ta cancanci a riƙe ta. Tsuntsaye suna fuskantar iska idan za su tashi ko za su sauka, iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take busowa, rana ma da safe tana gabas, saboda haka wanda ya tsaya a gabashin kududdufi ya fuskanci yamma zai ga tsuntsayen suna tasowa wajensa da haske a fuskarsu.

A cikin gandu

Lokacin da ya fi dacewa da ziyarar Yankari shi ne daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe, ganye ya kaɗe, ruwan dawa ya ƙafe, dabbobi suka koma dogaro da Kogin Gaji da fadamarsa. Baƙi suna sauka a sansanin Wikki, kusa da maɓulɓular ruwan ɗumin nan da zafinsa ke tsaye a kan digiri 31 rani da damina, kuma daga nan ake fita zagaye a mota da safe da yamma tare da ɗan jagora daga ma'aikatan gandun. Fitar safe ta fi albarka. Ya dace mai hoto ya gana da ɗan jagoran tun daren, ya gaishe shi da girmamawar da shekarunsa suka cancanta, ya gaya masa abin da yake nema, domin mutumin da ke kwana yana tashi a dajin ya san mashayar da aka ga sabon sawu jiya, kuma ya san cewa mai hoto yana bukatar tsayawa mai tsawo a wuri ɗaya fiye da sauran baƙi masu son a zaga ko'ina.

Mota ita ce burtun mai hoto a gandu, saboda dabbobin sun saba da ita, ba sa ɗaukar ta a matsayin mutum, amma da zarar wani ya sauko ko ya miƙe tsaye yana nuni da hannu sai fili ya watse. Idan an iso inda garken gwambaza ke kiwo a gefen fadama, abin da ake yi shi ne a roƙi direba ya tsaya a inda rana za ta kasance a baya, ya kashe inji domin karkarwarsa tana shiga hoto, a ɗora ƙaramar jaka cike da wake ko shinkafa a bakin taga, a kwantar da kyamara a kanta. A mintunan farko duk kawunan suna sama, kunnuwa a miƙe, kuma hoton da aka ɗauka a lokacin hoton dabbobi ne masu tsoro. Idan aka yi shiru aka jira, ɗaya bayan ɗaya za su mai da kai ƙasa, ɗan ƙarami ya koma wajen uwarsa, carki ya sauka a bayan wata yana tsintar kaska, kuma daga nan ne aikin ke farawa. Tufafi masu launin ƙasa ko na busasshiyar ciyawa sun fi dacewa, domin fari yana haskawa daga nesa, shuɗi da baƙi kuma suna jawo tsando, ƙudan nan mai cizo da ke yawaita a inuwar bakin kogi.

Giwayen Yankari, waɗanda ƙiyasi ya fi sanya yawansu tsakanin 100 da 150, sun sha wuya a hannun masu farautar haure, don haka suna da kaffa-kaffa, kuma baƙo yana iya yin kwanaki bai gan su ba. Idan Allah ya sa aka haɗu da su, hukuncin nisa na ɗan jagora ne, ba na mai kyamara ba. Giwar da ta baza kunnuwa, ta ɗaga kai, tana girgiza shi ko tana shurin ƙasa, gargaɗi take yi. Uwa mai ɗa da toron da ruwa ke zubowa daga gefen kansa, alamar yana cikin lokacin zafin barbara, su ne mafi haɗari. Ba a shiga tsakanin dorina da ruwa, ba a tare wa garke hanyar mashaya, ba a kunna filasha a idon dabba, ba a kuma yi mata ihu ko jifa don ta waiwayo. Dabbar da aka kora daga ruwa a watan Maris ta yi asarar ƙarfin da ba ta da rararsa, kuma wannan cutarwa ce ko da ba a zubar da jini ba.

Wanda bai dace da giwa ba bai yi asarar tafiya ba, domin sansanin Wikki kansa cike yake da abin ɗauka. Gadu, wanda wasu ke kira mugun dawa, yakan shigo har tsakanin ɗakuna ya durƙusa a kan gwiwoyin gaba yana kiwo, gwaggon birai kuwa suna zaune a fili suna tsintar jikin juna, 'ya'yansu na hawan bayan iyaye. Sabonsu da mutane ya sa ko mai waya yana samun hoto na kusa, sai dai wannan sabo ya samo asali ne daga abincin da baƙi suka riƙa ba su, har suka koyi fizge leda da kutsawa ɗaki. Ba su abinci don a sami hoto yana ƙara wannan ɓarna, kuma birin da ya saba ƙwace yakan ƙare da cizon wani.

Gaskiyar hoto da amfaninsa

Hoton namun daji shaida ne, kuma darajarsa tana tare da gaskiyar bayanin da ke biye da shi. Gidan zu na Audu Bako, wanda aka buɗe a farkon shekarun 1970, wuri ne mai kyau na gwajin hannu, amma hoton da aka ɗauka a can dole a ce na gidan zu ne. Haka raƙuman dawa da jakunan dawa na gandun Sumu, da ke kan hanyar Ningi zuwa Bauchi, daga Namibiya aka kawo su a 2006, kuma mai gaskiya zai faɗi haka. Masu wannan fanni suna ɗaukar lamarin da nauyi ƙwarai: a 2010 an ƙwace kambun babbar gasar hoton namun daji da gidan tarihin halittu na Landan ke shiryawa daga hannun wanda ya lashe ta, bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin da ke cikin hoton na gida ne da aka horar. Gyaran haske da yanke gefe halas ne a wannan aiki, amma ƙara dabbar da ba ta wurin, ko gabatar da hoton da kwamfuta ta ƙirƙira a matsayin na daji, ƙarya ce.

Dalilin wannan tsanani yana bayyana idan aka dubi ungulu. Dattawan birni suna tuna lokacin da take jere a kan rumfunan kasuwa da katangar mahauta ba mai ko kallon ta, yau kuwa yaro yana iya girma a cikin ganuwa bai taɓa ganin ta ba. A 2015 ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu ta sanya ungulun da aka saba gani a garuruwan Afirka ta Yamma cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa, kuma cikin dalilan akwai guba da cinikin sassan jikinta don haɗa magani. Da a ce masu kyamara na wancan zamani sun ɗauke ta da kwanan wata da sunan wuri, da yau an san shekarar da ta fara janyewa da unguwar da ta fara bari. Tun 2015 cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos take jagorantar aikin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda ya dogara da 'yan sa-kai masu aika abin da suka gani ta waya, kuma manhajoji irin su iNaturalist da eBird suna karɓar hoto daga kowa, masana su taimaka wajen tantance shi. Hoton shamuwa a kan wata tsamiya ta cikin birni, da ranar da ta iso, yana da gurbi a irin wannan aiki.

Akwai taka-tsantsan guda da ke tafiya tare da wannan. Wayoyi da yawa suna liƙa wa hoto ainihin wurin da aka ɗauke shi, kuma abin da ke taimakon mai bincike yana iya taimakon mafarauci. Hoton giwa, ko sheƙar ungulu, ko gauraka, ba a watsa shi a Facebook ko WhatsApp da takamaiman wuri a ranar da aka ɗauka. Sunan gandun ko na ƙaramar hukuma ya wadatar, cikakken bayanin kuma a miƙa shi ga ma'aikatan gandu ko masu binciken da aka amince da su.

Aikin ɗalibai

Kowane ɗalibi zai zaɓi wuri ɗaya a unguwarsu, gindin badala ko bakin kududdufi ko wata itaciya da tsuntsaye ke kwana, ya riƙa zuwa da sassafe har tsawon mako biyu, yana rubuta a littafi ranar da lokacin da inda iska ta fito da abin da ya gani dabbar tana yi, da kuma nisan da ta yarda ya kusance ta a ranar farko da ta ƙarshe. A zama na gaba zai kawo hotuna uku na dabba ɗaya, ɗaya tana cikin muhallinta, ɗaya tana wani aiki kamar ci ko tashi, ɗaya kuma daidai tsayin idonta, kowanne da bayaninsa a rubuce. Wanda ba shi da waya mai kyamara zai haɗa kai da abokin karatunsa su yi karɓa-karɓa, kuma za a duba littafin rubutun tare da hotunan wajen ba da maki.